Dabarar sanya safa ga wanda ba ya iya sunkuyawa

Sanya safa ƙaramin aiki ne ga mai lafiya. Amma a garuruwanmu na Ƙwanni, Malbaza da Illela akwai mutane da yawa waɗanda hannunsu ba ya kaiwa ga ƙafarsu. Akwai tsofaffi masu ciwon baya da ciwon ƙugu. Akwai waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Akwai waɗanda aka yi wa aiki a ƙugu, likita ya hana su sunkuyawa. A darasinmu na yau za mu ga yadda irin waɗannan mutane za su riƙa sanya safa da kansu.

Me ya sa safa take da muhimmanci?

Cututtuka biyu ne suka fi kashe jijiyoyin ƙafa: ciwon sukari da kuturta. In jijiya ta mutu, ƙafa ba ta jin zafi. Mutum sai ya taka ƙaya ko kututturen karan hatsi bai sani ba. Rairayin bazara ya ƙona masa tafin ƙafa bai ji ba. Da hunturu kuma faso ya tsage dunduniya. Ƙaramin rauni in ba a gan shi da wuri ba, shi ne yake zama gyambo. Ga mai ciwon sukari, gyambon yana iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Manomanmu sun fi kowa shiga wannan haɗari, ko mai noman albasa a Galmi, ko mai ban-ruwa a fadamun Magiya da gandun noman rani na Ƙwanni. Manomin da ƙafarsa ta lalace, gonarsa ta kwanta.

Saboda haka mai irin wannan ƙafa bai kamata ya yi tafiya ba takalmi ba. Safa kuma ita ce take hana takalmi gugar fata, ta tsotse gumi. To, amma mai yin alwala zai cire safa ya mayar sau da yawa a yini. In kullum sai ya kira jika ko matarsa, wata rana zai ji nauyi ya bar safar gaba ɗaya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kayan da za mu nema

A ƙasashen Turai ana sayar da wani abin sanya safa na roba mai igiya. Mu ma za mu iya yin namu a gida. Ga abin da ake bukata:

1. Tsohuwar jarkar roba ta lita 5, wankakkiya. Kada a yi amfani da wadda aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko fetur.
2. Igiya mai laushi ko tsumma mai ƙwari, guda biyu, kowace kamu biyu.
3. Wuƙa ko almakashi, da ƙusa.

Yadda ake yin sa

1. A yanko roba daga gefen jarka, tsawonta santimita 25, faɗinta santimita 20, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari.
2. A zagaye kusurwoyinta huɗu. A goge bakin da dutse har ya yi santsi, ko a kai wa baduku ya naɗe shi da fata. Wannan matakin shi ya fi kowane muhimmanci, domin baki mai kaifi zai yanki ƙafar da ba ta ji.
3. A lanƙwasa robar ta yi kwari kamar indararo.
4. A ɗumama ƙusa, a huda rami biyu a gefe ɗaya, dama da hagu. A ɗaura igiya a kowane rami, ƙullin yana ta waje.

Yadda ake amfani da shi

1. A zauna a kan kujera ko bakin gado. Kada a yi a tsaye.
2. A riƙe robar tsakanin gwiwoyi, a zura mata safa ta gefen da babu igiya, dunduniyar safa tana ƙasa. A ja har ƙarshen safa ya manne wa bakin roba.
3. A riƙe igiyoyi, a sauke robar ƙasa gaban ƙafa.
4. A zura yatsu ciki har ƙarshe.
5. A ja igiyoyi a hankali zuwa sama. Safa za ta hau ƙafa, roba ta fito ta bayan dunduniya.

Wanda hannunsa ɗaya ne yake aiki, sai a haɗa masa igiyoyin biyu su zama madauki guda. Don cire safa, a sami sanda mai tsawon kamu biyu, maƙeri ya sa mata ƙugiya marar tsini, a tura safar da ita. Ranar farko abin zai yi wuya. Ƴan gida su tsaya kusa, amma su bar shi ya gwada da hannunsa.

Wace irin safa?

A zaɓi ta auduga, wadda bakinta ba ya matse ƙwauri. Fara ta fi, domin jini ko mugunya za su nuna a jikinta nan da nan. In ɗinkin yatsu yana da kauri, a juya safar ciki waje. A canza ta kullum, kada a sa jiƙaƙƙiya. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu kafin a mayar da ita. A kaɗe takalmi kafin a sa, saboda tsakuwa da kunama.

Kowane dare a duba tafin ƙafa. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya aje madubi a ƙasa, ko wani ya duba masa.

Yaushe za a je likita?

In an ga rauni, kumburi, wari, ko yatsa ya yi baƙi, kada a jira, kada a yi ƙoƙarin yanka da reza. A tafi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum babban asibiti, kamar na Birnin Ƙwanni ko na Galmi wanda aka buɗe a shekarar 1950. Kuturta kuwa tana warkewa da magani na wata 6 ko wata 12, kuma tun shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shi kyauta. Sai dai jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa, don haka kula da ƙafa ba ta ƙarewa ko bayan an warke. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne cututtuka ne suke hana ƙafa jin zafi?
2. Don me ake goge bakin roba?
3. Don me farar safa ta fi baƙa?
4. Wa muka sani a unguwarmu da yake bukatar wannan dabara, kuma wa zai yi masa ita a wannan mako?