Yawon Jirgin Ruwa a Gaɓar Turkiyya: Matsalar Iska da Tashin Zuciya, da Yadda Ake Shirya Musu

Daga cikin nau'o'in yawon buɗe ido da suka yi fice a kudu maso yammacin Turkiyya akwai wanda matafiya ke shafe kwana huɗu zuwa mako guda a cikin jirgin ruwa na katako da ake kira gulet, a nan suke ci a nan suke kwana, jirgin yana bin gaɓar teku daga wannan gari zuwa wancan tsibiri a tsakanin Bodrum da Marmaris da Fethiye da Kash. Ana danganta asalin al'adar da marubuci Cevat Şakir Kabaağaçlı, wanda hukuma ta kora zuwa Bodrum a 1925, ya riƙa bin jiragen masu nutso neman soson teku yana zagaya lungunan gaɓar, daga baya abokansa marubuta da masu zane suka bi sawunsa, har abin ya zama sana'ar da ke ciyar da garuruwa da dama a yau. Kamfanoni suna tallata tafiyar da jerin sunayen wurare, mai saye kuwa yakan ɗauki jerin tamkar jadawalin jirgin ƙasa, alhali iska ce ke yanke inda za a nufa kowace safiya, kuma yadda jikin mutum ya karɓi motsin ruwa shi ke yanke ko zai ga wuraren da idonsa ko zai wuce su yana kwance yana fama da amai.

Iskar da ke mulkin wannan yanki a watannin zafi sunanta meltemi, busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa ko arewa maso yamma a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, tana somawa wajen watan Mayu ko Yuni, ta kai ganiyarta a Yuli da Agusta, ta fara ja da baya a Satumba. Ɗabi'arta ita ce ta tashi da hantsi, ta tsananta bayan azahar, ta lafa da dare, ko da yake wani lokaci takan yi kwanaki a jere ba ta saurara ba, kuma tana zuwa ne sararin sama garau babu hadari, abin da ke ruɗar baƙon da ya saba ganin gajimare kafin guguwa. Matuƙa suna auna ƙarfinta da ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, mai matakai daga 0 zuwa 12. Mataki na 4, wato iska mai gudun kilomita 20 zuwa 28 a sa'a, yanayi ne mai daɗin tafiya. Daga mataki na 6 raƙuman ruwa sun girma har tafiya ta zama wahala ga wanda bai saba ba. Meltemi kuwa takan kai mataki na 7, wani lokaci ma ta wuce, kuma a irin wannan rana kyaftin mai hankali yakan zauna a maɓoya ko ya sauya hanya, ko da takardar talla ta ambaci wani tsibiri. Fasinjan da ya matsa masa lamba a tafi saboda ya biya kuɗi yana neman a sayar masa da haɗari ne.

Saboda haka zaɓen hanya ya fi zaɓen jirgi muhimmanci ga mai tafiyar farko. Kewayen Bodrum da zirin ƙasar Datca, musamman ƙuryar da kangon tsohon birnin Knidos yake, sun fi fuskantar iskar kai tsaye, yayin da lungun tekun Fethiye da tsibiran Gocek ke kewaye da duwatsu, nisan da ke tsakanin zango da zango bai cika wuce tafiyar sa'a ɗaya ko biyu ba, ruwan kuma yawanci a kwance yake, don haka nan ya fi dacewa da iyali mai yara ko dattawa. Shahararriyar hanyar kwana huɗu daga Fethiye zuwa Demre ta fi yawan abin gani, domin tana bi ta Oludeniz da tsibirin Gemiler da garin Kash har Kekova, inda ake hangen gine-ginen wani tsohon gari da girgizar ƙasa ta nutsar a ƙarƙashin ruwa, wurin da doka ta hana iyo a kansa. Amma a tsakiyarta akwai wurin da ake kira Yediburun da doguwar gaɓar Patara, inda babu maɓoya kuma igiyar buɗaɗɗen teku ke dukan jirgi ta gefe na tsawon sa'o'i, shi ya sa ake tayar da inji tun kafin asuba don a ƙetare kafin iska ta tashi. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya kamata ya tambayi ranar da za a ƙetare wurin, domin a kanta zai tsara shan maganinsa. Dangane da lokaci kuma, Yuni da Satumba sun fi sauƙin iska da zafi da cunkoso, Satumba ma ta fi, tunda ruwan teku ya riga ya ɗumama.

Shi tashin zuciya na cikin jirgi ba alamar tsoro ko raunin jiki ba ne, domin yana kama tsofaffin matuƙa ma. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gaɓoɓi masu ruwa a ciki da ke sanar da ƙwaƙwalwa matsayin jiki da motsinsa, to idan mutum yana cikin ɗakin jirgi kunnensa na ba da labarin tangaɗi, idonsa kuwa na ganin bango da gado a tsaye cak, sai saƙonnin biyu su saɓa, abin ya fito a matsayin hamma da gumi mai sanyi da yawan miyau da jiri, daga ƙarshe amai. Yara daga shekara 2 zuwa 12 da mata masu juna biyu da masu ciwon ɓarin kai sun fi saurin kamuwa, haka nan wanda ya san mota na sa shi amai a doguwar tafiya ya ɗauka cewa teku ma zai yi masa. Yawancin mutane jikinsu yakan saba cikin kwana biyu zuwa uku, wanda a tafiyar kwana huɗu yana nufin an ci rabinta kafin a warware, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na yin rigakafi maimakon jira.

Magungunan da aka fi amfani da su sun haɗa da ƙwayoyin cinnarizine da dimenhydrinate da meclizine, da kuma filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne wadda ke aiki har kwana uku. Ƙa'idarsu guda ce, a yi amfani da su kafin jirgi ya tashi, ƙwayoyin da kamar sa'a ɗaya zuwa biyu, filastar da sa'o'i da yawa ko tun daren jajibiri, domin da zarar amai ya fara ciki ba ya riƙe ƙwaya. Dukkansu suna iya kawo barci da bushewar baki, hyoscine kuma ba ta dace da mai hawan jinin ido ko mai kumburin gaɓar mafitsara da ke wahalar fitsari ba, don haka sai an ga likita tun a gida, musamman mai ciki da mai shan maganin ciwon sukari, wanda amai da rashin cin abinci ke iya faɗar masa da sukarin jini. Citta tana taimaka wa wasu, kuma ba ta da tsada. Bayan magani, abin da ya fi amfani shi ne a fito sarari a zauna wajen tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi ƙanƙanta, a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya da littafi, a nisanci hayaƙin inji, a ci abu kaɗan marar maiƙo, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne gudu zuwa ɗaki da an ji jiri. Idan dole sai an kwanta, to a miƙe rigingine a rufe ido.

Akwai wasu abubuwan da takardar talla ba ta cika faɗa ba. Ko da yake gulet na da turaku biyu da filafilai, wato manyan ƙyallayen da ake ɗagawa iska ta tura jirgi, yawancin tafiyar da inji ake yin ta, wanda ke son tafiya da iska zalla sai ya tambaya kafin ya biya. Ruwan wanka daga tanki yake, na'urar sanyaya ɗaki kan yi aiki na ƙayyadaddun sa'o'i ne kawai, ba a jefa takarda a masai, ba a hawa da takalmi, jaka mai lanƙwasuwa kuma ta fi akwati shiga ƙananan ɗakunan. Ana hayar jirgin ta hanya biyu, ko iyali su ɗauke shi gaba ɗaya, ko mutum ya sayi ɗaki guda ya haɗu da baƙi, kuma wasu jiragen na biyun na samari ne masu kiɗa da shan giya har tsakar dare, saboda haka mai tafiya da iyali ya bincika irin fasinjojin da jirgin ke ɗauka. Wanda bai iya iyo ba ya sanar da kyaftin tun ranar farko, ya sa rigar ceto duk lokacin da za a shiga ƙaramin kwalekwalen da ke kai mutane gaɓa. Mai salla kuma ya lura cewa alƙibla daga wannan gaɓa tana kudu maso gabas ne, saɓanin gabas da aka saba fuskanta a ƙasar Hausa, kuma lokacin da ya fi sauƙin tsayuwa shi ne bayan an jefa ƙugiyar tsayar da jirgi an ɗaure bayansa da igiya a gaɓa, don a lokacin ba ya juyawa.

Wasu hanyoyin suna leƙa tsibiran Girka kamar Kos da Simi da Rodos, ko Meis da ke da nisan kilomita kaɗan daga Kash, kuma duk kusancinsu ƙasa ce daban, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen kafin ya taka su, sannan bizarsa ta Turkiyya ta kasance mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, in ba haka ba dawowarsa ta zama matsala. Haka nan tunda iska na iya jinkirta isowa tashar ƙarshe, kuma daga Demre ko Kash zuwa filin jirgin sama na Antalya ko Dalaman tafiyar sa'o'i ce a mota, bai kamata a sayi tikitin komawa gida na ranar sauka ba. A bar kwana guda a tsakani, a kuma nemi kamfanin ya rubuta a yarjejeniya abin da zai mayar idan shi ne ya soke tafiyar saboda yanayi.