Jijiyoyin Motar Tsere: Darasi a Kan Haɗa Wayoyin Lantarki

A watan Mayu na shekarar 1974 motoci da dama suka tashi daga birnin Landan domin wani tsere mai tsawon gaske, wanda ya ratsa Sifen da Maroko da Aljeriya, ya keta Sahara da ƙasar Nijar har ya iso Kano, sa'an nan ya juya arewa ya ƙare a Munik ta ƙasar Jamus. Motoci 19 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma wadda ta zo ta ɗaya ƙirar Citroën ce. Ɓatan hanya da rairayi suka kayar da da yawa daga cikinsu. Amma duk wanda ya shirya mota domin irin wannan tafiya, ko domin tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 yana bi ta Agadas, ya san akwai wata halaka da ba ta da ƙara: waya guda ta tsinke a inda ido ba ya gani, inji lafiyayye ya mutu a tsakiyar daji.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa malamin ilmin halittu da wayar mota. Amsar ita ce tsarin biyu suna kama da juna. Jijiyar da ke kai saƙo a jikin ɗan'adam tana da rigar kitse da ake kira mayelin, kamar yadda jan ƙarfen waya yake da rigar roba, kuma saƙo yakan yi gudun mita 120 a daƙiƙa a cikin mafi saurinsu. Sai dai jijiya tana sabunta ƙarfin saƙon a kowace gaɓa, waya kuwa asara take yi tun daga batir har zuwa fitila. Aikin mai haɗa waya duka bai wuce rage wannan asara ba, da hana ta zama gobara.

Bari mu fara da lissafi, domin a nan ne akasarin ɓarna take farawa. Batirin mota yana da ɗakuna 6, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, wato 12.6 idan ya cika. Idan inji na aiki, altaneto yakan ɗaga shi zuwa wajen bolt 14. Motar tsere a kan burji takan ɗauki ƙarin fitilu saboda ƙura da tafiyar dare. A ce an ɗora guda 4, kowace mai wat 100. Jimla wat 400 ke nan. Idan aka raba da 12, sai a ga wutar da za ta bi wayar ta kai amfiya 33. To, a ce akwai mahaɗa guda da ta yi tsatsa ko ta saki, har turjiyarta ta kai kashi ɗaya cikin goma na om. Bisa dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, bolt 3.3 za su salwanta a wannan wuri, fitilu su dushe. Abin da ya fi muni, zafin da zai taru a nan ya zarce wat 100, a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Roba za ta narke, kuma bututun fetur ba shi da nisa.

Saboda haka ba a barin wuta mai yawa ta bi ta makunnin da ke gaban direba. Ana amfani da rile. Siririyar waya ce ke tashi daga makunni, ɗauke da wutar da ba ta kai rabin amfiya ba, ta ja maganaɗisun da ke cikin rile, shi kuma ya haɗa kakkaurar waya gajera daga batir zuwa fitilu. Haka jiki yake yi: ƙwaƙwalwa ba ta aika ƙarfin ɗaga buhun gero ta cikin jijiya, umurni kawai take aikawa, tsoka ta ƙona makamashin da ke wurinta.

A garejojin da ke gefen Titin Zariya ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi, da lungunan Tarauni, akwai masu gyaran wayar mota waɗanda hannunsu ya faɗa ƙwarai, har wani yakan gano inda waya ta tsinke da ƙwan gwaji kaɗai. Amma akwai al'adu biyu da suka yaɗu a wannan sana'a a ƙasarmu, waɗanda ba za su tsallake binciken alƙalan tsere ba. Ta farko ita ce ɗaure fiyus da ya ƙone da zaren jan ƙarfe. Fiyus an yi shi ne domin ya mutu kafin waya ta kama wuta, don haka girmansa yana bin kaurin wayar, kuma wurinsa kusa da batir, kamar taƙi guda. Ƙonewarsa tamkar zazzaɓi ce, alama ce ta wani ciwo. Wanda ya ɗaure shi bai warkar da kome ba, ya dai mayar da wayar kanta fiyus.

Ta biyu ita ce cire kan batir inji na aiki domin a ga ko altaneto yana caji. Batir ne ke shanye hauhawar wutar altaneto. Da zarar an cire shi, ƙarfin yakan yi tsalle na ɗan lokaci ya ninka sau da yawa. Tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto tana iya jurewa, amma motar zamani mai kwamfuta takan yi asarar ƙwaƙwalwarta. Wannan gwaji ya kuma nuna wani abu: yanke batir kaɗai ba ya kashe inji. Shi ya sa dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, suka wajabta babban makunni mai yanke batir da altaneto da wutar fulogi baki ɗaya, wanda za a iya kaiwa gare shi daga ciki da waje. Na wajen ana yi masa alamar jan tartsatsi a cikin shuɗin alwatika, domin mai ceto ya gan shi nan take idan mota ta kife.

Babban abokin gabar waya a kan hanyar da ba kwalta shi ne gargada. Jan ƙarfe idan ana lanƙwasa shi a kai a kai yakan ƙage, daga nan ya karye. Don haka ake zaɓen waya mai sirāran zaruruwa da yawa, a ɗaure ta da jikin mota kusa-kusa, a sa zoben roba duk inda za ta ratsa ƙarfe, a nisanta ta da salansa. Mutane da yawa na ganin liƙi da dalma ya fi kome ƙarko, alhali masu motocin tsere sun fi son matse kan waya da filaya ta musamman. Dalma takan bi cikin zaruruwa ta sandarar da su, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan wayar ke karyewa. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif kuwa, zafin watan Afrilu na Kano, da kan haura digiri 40, ya isa ya narkar da ƙaron. Ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ta jiƙa ta, sai tsatsa. (Ɓera ma yana da nasa rabon, domin haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwagwiya, motar da ta daɗe a ajiye a duba ta.)

Saura hanyar komawa. Wuta ba ta tafiya sai da'ira ta cika, kuma jikin mota ne ke mayar da ita zuwa batir. Kik yakan ja amfiya fiye da 100, saboda haka kakkaurar wayar da ta haɗa inji da bodi sai an kankare fenti a ƙarƙashinta. Idan ta saki, wutar za ta nemi wata hanya, ko da ta wayar totur ce, ta gasa ta.

Ɗalibin da ke da mita yana iya gwada wannan da kansa. Ya ɗora tsinke ɗaya a kan sandar batir mai alamar ragi, ɗayan a jikin inji, wani ya murɗa makulli. Idan abin da mita ta nuna lokacin da kik ke juyawa ya kai rabin bolt, to, a kwance wannan mahaɗa a goge ta har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa mata giris.