Kumburin gefen taya ba ya faci

A sana'armu ta faci akwai aikin da ba na karɓa ko nawa za a biya ni, wato tayar da gefenta ya kumbura ko ya tsage. Direba zai ce, "Maigida, ɗan liƙa min in lallaɓa in kai gida." Haƙuri nake ba shi, domin na san abin da ke ciki.

Wurin da taya ke taka kwalta yana da kauri, a ƙarƙashinsa kuma akwai shimfiɗar wayoyin ƙarfe, shi ya sa in ƙusa ta huda shi muke toshewa a ci gaba da tafiya. Gefe kuwa roba ce marar kauri da zaruruwa a ciki, kuma duk juyin da ƙafa za ta yi sai ya lotsa ya miƙe. In mota ta faɗa rami da gudu, rim ya matse shi, zaruruwan sai su tsinke, iska ta turo robar waje kamar ƙurji. Faci ba ya mayar da zaren da ya tsinke. Ranar da za ta fashe, galibi a kan gudu ne, da lodi, da tsakar rana, ga mutane cike da mota.

Ƙarancin iska ma yana cin gefen taya a ɓoye: yawan lotsawa na sa shi zafi har zare ya rabu da roba. Kuma lambar iskar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Wadda ta dace da motarka tana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba.

Masu sayen tsohuwar taya 'yar Beljiyam, ku ne na fi ji wa tsoro, don zane kawai kuke dubawa. Ku nemi inda aka rubuta DOT, ku karanta lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin da kansa ya ce a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma, ko da safaya ce da ba ta taɓa taka ƙasa ba. In ka ga 'yan tsage-tsage a gefe, robar ta bushe, ka bar wa mai sayarwa kayansa.