Yadda ake zaɓar faifai da tsarin fayil don rumbun bayanan PostgreSQL

Matakan nan na wanda aka ɗora wa kafa PostgreSQL a kan Linux ne. A yi su kafin bayanai su shiga, domin sauya tsarin fayil daga baya sai an kwashe komai.

1. Fara da sanin aikin. Tambayi masu manhajar: rubutu ne ya fi yawa ko karatu? Bayanan nawa ake sa ran ƙaruwarsu a shekara?

2. Sayi faifan NVMe na kamfanoni, mai kariya daga ɗaukewar wuta. A cikinsa akwai ƙananan kapasito da ke riƙe wuta har faifan ya gama rubuta abin da ya karɓa. Mafi yawan masu arha ba su da wannan, wasu ma sukan ce an rubuta alhali bayanan ba su sauka ba. A wurin da ake ɗauke wuta kullum, wannan ba inda za ka yi tsimi ba ne. Kada ka dogara da UPS kaɗai, batirinsa yakan mutu ba sallama.

3. Haɗa faifai huɗu ko fiye a RAID 10. Rabin sararin zai tafi, ka haƙura. Guji RAID 5, domin kowane ƙaramin rubutu sai ya jawo ƙarin karatu da rubutu.

4. Zaɓi XFS ko ext4. XFS ne Red Hat ke sakawa kai tsaye tun RHEL 7 na 2014, kuma yana jure rubutu da yawa a lokaci guda. Amma a kula: ana iya faɗaɗa shi, ba a iya rage shi. Idan ZFS kake so, ka sani yana zuwa da recordsize na 128K, shafin PostgreSQL kuwa 8K ne. Rage recordsize ɗin tun kafin ka loda bayanai.

5. Ware wa pg_wal nasa faifan, sannan ka sa noatime a /etc/fstab.

6. Gwada da fio da pg_test_fsync. Bayan haka ka sa rumbun gwaji yana ta rubutu, ka zare wutar, ka kunna, ka duba ko wani abu ya ɓace. Ko wa ya ba ka shawara, kada ka kashe fsync don neman gudu.

7. Ajiye kwafin bayanan a wani gini daban, ka riƙa gwada dawo da su. RAID ba ya mayar da teburin da aka goge bisa kuskure.