Waƙa Mai Rubutu A Ƙasa: Jan Hankali Ga Iyaye Da Masu Shirya Fim

Duk shekara idan hutu ya ƙare, hukumomin ilimi sukan fito da gangami a rediyo da masallatai cewa a kai yara makaranta. Kiran daidai ne, Allah ya saka musu. Amma ɓarnar da ta fi tayar wa masana hankali yanzu tana cikin ajin ne kanta: yaro ya yi shekara huɗu ko biyar yana sa yunifom, yana ɗaukar jaka, ana ba shi kuɗin tara, amma a miƙa masa takardar asibiti ya karanta wa kakarsa, sai ya sunkuyar da kai. A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 70 cikin 100 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai 89 cikin 100.

A lura da kyau, da yawa daga cikin waɗannan yara sun san baƙaƙe. A nuna musu "b" su faɗa, a nuna "a" su faɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗawa. Yaro zai tsaya yana tsintar kalma gaɓa-gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Karatun da ake yi da irin wannan wahala ba ya da daɗi, abin da ba daɗi kuwa yaro ba ya komawa gare shi don kansa. Gidan ba littafi, ba jarida, ajin ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya sauraron kowa ba. Daga nan sai a yi ta ciyar da shi gaba, yana kwafar abin da ke allo kamar mai zane, har ya fita firamare. Bayan 'yan shekaru a kasuwa ko a gidan miji, ɗan abin da ya sani ma ya zube. Wannan shi ake ji wa tsoro, domin iyaye suna zaune da tabbacin ɗansu na karatu, ba wanda ya gwada shi.

Indiya ta sha fama da wannan matsala, kuma daga can ne wata dabara ta fito. A 1996 wani malami mai suna Brij Kothari, wanda ya yi aiki a babbar cibiyar koyon gudanarwa ta birnin Ahmedabad, ya ce tunda mutanen ƙasarsa ba su da abin so kamar waƙoƙin fim, me zai hana a rubuta baitin a ƙasan hoto, da harshen da ake rera shi? Waƙar Hindi, rubutun Hindi. Kowace kalma kuma ta sauya launi daidai lokacin da mawaƙi ya furta ta. A 1999 aka fara a shirin Chitrageet na gidan talabijin ɗin gwamnati a jihar Gujarat, daga 2002 aka kai shi shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya irin su Chitrahaar da Rangoli. Da aka bi sawun yara masu raunin karatu na tsawon shekaru, an ga masu kallon waɗannan shirye-shirye a kai a kai sun fi takwarorinsu ƙwarewa. A 2019 ma'aikatar watsa labarai ta Indiya ta fitar da ƙa'idar sa rubutu a shirye-shiryen talabijin, wadda ta amfani kurame da masu koyon karatu tare. Tun kafin nan, binciken da Géry d'Ydewalle ya yi a Beljiyam kan motsin ido ya nuna cewa wanda ya san baƙi, idonsa kan faɗa kan rubutun ƙasan hoto ko bai yi niyya ba.

Mu da muka tashi a makarantar allo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ku tuna yaro zaune a zaure, allo a cinya, malam ya biya masa da murya mai daɗi, shi kuma yana maimaitawa da ƙira'a, ɗan yatsansa na bin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kunne ya riga ya riƙe, baki ya saba, yatsa ne ke nuna wa ido cewa ga siffar abin da kake faɗa. Ya biya da safe, ya biya da yamma, ya biya da dare a gaban wutar kara, har ran da za a ce ya wanke. Ba wanda ya ce masa "yau za ka koyi haɗa baƙi", maimaici ne ya koya masa. To, launin da ke bin kalma a ƙasan hoto aikin wannan yatsa yake yi, waƙar da yaro ya haddace kuma ita ce biyawar. Ba muna daidaita littafin Allah da waƙar fim ba ne, Allah ya tsare mu. Hanyar koyon muke nunawa.

Yanzu ga masu shirya finafinan Hausa da mawaƙa. Kuna da kunnen yaran Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, har da na zangon Kumasi. Amma idan kun tashi sa rubutu, sai ku sa Turanci, sau da yawa ma karyayye. Yarinyar da ke aji biyu a ƙauye me za ta tsinta a ciki? Ku rubuta baitin da Hausa, ku sa shi ya zo daidai da murya, da manyan baƙaƙe masu fitowa sarai a fuskar waya. Ku kuma ji tsoron Allah wajen rubutun: ku sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu, ku raba kalmomi yadda ƙa'ida ta ce, ku bar irin gajarce-gajarcen saƙon waya. Wanda ya koya wa yara dubu kuskure, alhakin dubu ne a wuyansa. Gidajen talabijin da hukumar tace finafinai su ma suna da ta cewa a nan.

Ku kuma iyaye, kada wani ya ji wannan bayani ya ce ya samu hujjar jefa wa yaro waya don ya huta da ƙiriniyarsa. Wannan sakaci ne, kuma za a tambaye ku amanar da aka ba ku. Wahayin farko da ya sauka umarni ne da karatu; uban da ya san farashin buhun masara a kasuwa uku amma bai san ko ɗansa na iya karanta sunansa ba, ya binciki kansa. Dabarar nan ba ta koya wa wanda bai san baƙi ba, malami ne ke wannan. Aikinta ƙarfafa wanda ya fara. Ku zaɓi waƙar da za ku iya saurara a gaban surukanku, ta yabon Annabi, ta tarbiyya, ta kishin ƙasa ko ta wasan yara. Ku zauna tare da shi. Bayan an kalla sau biyu, a kashe sauti a ce ya karanta, ko a tsayar da hoton a ce ya nuna kalma kaza, sannan ya kwafe baiti biyu a littafinsa. Uwar da ba ta yi boko ba ta sa yayan yaron ya duba, ita ma ta matso kusa.

Sauran abubuwan kiyayewa sanannu ne: kada a manna ido a waya, kada a kalla cikin duhu, kada kallo ya ci lokacin salla, barci ko islamiyya, a kuma cire intanet idan babba zai tashi. Rabin awa ya isa. Idan yaro ya gama aji uku bai iya karanta layi biyar na Hausa a jere ba, a je a ga hedimasta tun zangon bai ƙare ba, a kuma kai shi a duba masa ido da kunne a asibiti.