Gano Ƙwarin Lambu Kafin Feshi: Nazari a Kan Lambun Kayan Miya na Gida

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi ƙwarin da suka fi addabar lambun kayan miya na gida a ƙasar Hausa, da alamomin da ake gane kowannensu da su, da hanyoyin magance su. Hujjar muƙalar ita ce, feshin da aka yi ba tare da an san ƙwaron ba yakan zama asarar kuɗi, wani lokaci ma ya ƙara wa ɓarnar ƙarfi.

1.0 Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, saboda wata 'yar tsutsa da tsawonta bai kai santimita ɗaya ba. Masana na kiranta Tuta absoluta, manoma kuwa suka laƙaba mata suna "sharon". A wannan shekarar masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano ta dakatar da aiki don rashin tumatirin da za ta sarrafa, farashin kwando kuma ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanni. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake. Ya ɓulla a ƙasar Sifaniya a 2006, daga nan ya tsallako Afirka. Manoma sun yi ta zuba magungunan da suka saba da su, amma tsutsar ba ta ko gezau ba, domin a cikin ganye take zaune, inda feshi ba ya isa sosai.

Abin da ya sami manyan gonaki yana samun mai fangali biyu ko uku a bayan gida, har da matar da ta shuka tumatir da alayyafo a cikin buhuna a tsakar gida.

2.0 Bakin Ƙwaro Shi Ke Tona Asirinsa

Mai lambu ba ya bukatar sanin sunan kowane ƙwaro. Ya isa ya san yadda ƙwaron yake ci, domin irin bakinsa shi ke barin irin ɓarnarsa. Masu tauna suna barin huda ko gefen ganye a gutsure. Masu tsotsa ba sa huda komai, sai dai ganye ya nannaɗe, ya yi rawaya, shuka ta tsumbure. Akwai kuma masu shiga cikin ganye ko ɗan itace su ci daga ciki.

A cikin masu tauna, wanda aka fi gani shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai tsalle da ke bin kuɓewa da rama da yakuwa, yana mayar da ganye kamar rariya. Babbar kuɓewa tana jure masa, amma ƙaramar da ba ta wuce ganye uku ko huɗu ba tana iya mutuwa. Yana kuma yaɗa wata cuta mai sa ganyen kuɓewa dabbare-dabbare.

Masu tsotsa sun fi wayo. Darɓa tana taruwa a ƙarƙashin ganye da kan toho, tana fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda daga baya baƙar fumfuna ke rufewa. Idan aka ga cinnaku suna hawa da sauka a jikin barkono ko kabeji, to a juya ganyen; galibi zaƙin darɓa suke bi, har ma suna kare ta daga maƙiyanta. Farin ƙuda kuwa, da an girgiza shuka sai ya tashi kamar an watsa gari. Tsotsonsa ba shi ne babbar illarsa ba. Shi ke ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma shukar da ta kamu ba ta da magani, sai a tuge ta tun da wuri don kada ta harbi saura.

3.0 Sharon

Wannan ƙwaro ya cancanci a tsaya a kansa. Uwar tsutsar wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, wanda ke ɓuya da rana ya fito da magariba. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 200, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa sabuwar uwa bai fi wata guda ba. Wannan ne ya sa ɓarnarsa ta fi tsanani a ƙarshen noman rani, idan sanyin hunturu ya janye aka shiga bazara.

Alamarsa ita ce farin tabo mai faɗi a ganye, wanda idan aka ɗaga wa rana ana ganin haske ta cikinsa, tare da baƙin kashin tsutsar, sau da yawa har da ita kanta. A jikin tumatir yakan yi ƙaramar huda kusa da hanci. Kada a haɗa shi da babbar tsutsar tumatir, wadda ke yin rami mai faɗi, takan cusa kai ciki ta bar sauran jikinta a waje. Ita wannan ana iya tsince ta da hannu da sassafe.

A ƙaramin lambu, tsinke ganyen da ya kamu a ƙone shi ko a binne shi da zurfi ya fi feshi amfani. Jefar da shi a gefen fangali daidai yake da kiwon ƙwaron, tunda tsutsar takan sauka ƙasa ta rikiɗa. Bayan an gama tsinkar tumatir a tuge karan baki ɗaya, kuma kada a bi shi da gauta ko yalo ko dankalin Turawa a wuri ɗaya, domin 'yan gida ɗaya ne, duk yana cin su. Albasa ko latas sun fi dacewa su gaje wurin. Gadon reno ma ana iya rufe shi da tsohon gidan sauro har zuwa ranar dashe.

4.0 Darbejiya da Maganin Kanti

Itacen darbejiya, wanda wasu ke kira dogon-yaro ko bedi, yana tsaye a kusan kowace unguwa, kuma ƙarfin maganinsa ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan. Akan daka kimanin rabin kilo na busasshen ƙwallo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a tabbata ƙarƙashin ganye ya jiƙe. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi ci yake yi, ya kuma dagula masa girma. Rashin ganin gawar ƙwari washegari shi ke sa wasu yanke masa hukuncin rashin aiki, alhali sai an maimaita duk mako ake ganin tasirinsa.

Maganin kanti yana da wurinsa, amma da sharaɗi. Yawancinsa ba ya bambanta aboki da maƙiyi. Ƙoƙi-ƙoƙi da rina da gizo-gizo duk mafarauta ne, haka nan ɗan kumburarren ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi, wanda darɓa ce abincinsa. Idan feshi ya share su, darɓa ce ke fara dawowa, saboda ta fi su saurin haihuwa, sai ta tarar babu mai tsare ta. Yawan maimaita magani iri ɗaya kuma shi ke barin masu juriya su hayayyafa, kamar yadda aka gani ga sharon a ƙasashe da dama.

Akwai kuma batun tukunya. Kowane ingantaccen magani yana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce a jikin kwalbarsa. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu, irin wanda ake tallarsa a kasuwa, ba a san ƙarfinsa ba balle kwanakinsa. Alayyafo da latas da ake yanka duk bayan 'yan kwanaki ba su da sararin wannan jira, musamman latas da ake ci ɗanye a kwaɗo.