Sukur, ƙauye bisa dutsi

Mutumin Guci ya san iyaka, don kasuwar Maigatari ta Nijeriya ba ta da nisa da ƙasar Dungas. Amma tudun da ya sani na rairayi ne. Akwai wasu mutanen bakin iyaka da ke zaune bisa dutsi na gaske. Garinsu Sukur.

Sukur yana cikin duwatsun Mandara, ƙasar Madagali, jihar Adamawa ta Nijeriya, kusa da iyakar Kamaru. Tsayin wurin ya ɗara metir 1000 bisa bakin teku. Hawansa na gargajiya da ƙafa ne, bisa hanyar da kakanni suka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu. Sarkin garin ana ce masa Hidi. Gidansa ma da dutsi aka gina shi.

Ƙaƙa ake noma bisa dutsi? In ruwan sama ya sauko, da gudu yake gangarowa, ya kwashe ƙasa ya kai kwari. Sai mutanen Sukur suka jera duwatsu a gicciye, katanga bisa katanga, kamar matakala. Bayan kowace katanga ƙasa na taruwa, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Nan suke shibka dawa da wake. Wata gonar faɗinta bai kai tsawon tabarma biyu ba, amma tana ba da abinci. Aikin ba ya ƙarewa: duk dutsin da damana ta ture sai an maida shi. Bijimi kuwa cikin ɗakin dutsi mai zurfi ake turke shi, a kai masa ciyawa da ruwa. Takinsa duka gona yake tafiya.

Ko da haka, gonakin ba su isa ci da kowa ba. Ƙarfe ne ya cike giɓin. Ana tsintar tama cikin yashin rafi, a narka ta da gawayi, a sayar wa fatake, a sayi hatsi. Sana'ar ta mutu wajen 1960, sa'ad da ƙarfen Turai ya cika kasuwanni.

Ita iyakar ba nan take ba tun asali. Da farko Sukur cikin Kamaru ta Jamusawa yake. Bayan yaƙin duniya na farko Ingila ta riƙe yankin. A 1961 aka yi ƙuri'a, ya shiga Nijeriya.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. A 2014 ƴan Boko Haram suka hau dutsin, suka ƙone gidaje da rumbuna.

A Guci babu dutsin jerawa, kuma iska ta fi ruwa kwasar gona. Abin da ke tare ta shi ne gawo. Tun shekarun 1980 manoman ƙasar Magarya suke barin tsiron gawo cikin gona, suna yi masa sassabe maimakon su sare shi.